Allon Fim na Halilu Kafinta

In kana son sanin Halilu ƙanena, kada ka tambayi mutanen ƙauyenmu, don sai sun gama dariya kafin su ba ka amsa. Ni za ka tambaya. Ni Furera, ni na goye shi, ni na san shi tun yana rarrafe yana cin ƙasa, kuma taɓaryata ya yanka ya yi abin da ya jawo duk wannan magana. Har gobe in na tuna taɓaryar nan sai raina ya ɓaci, wallahi.

Mu uku ne suka rayu a cikin 'ya'yan Inna Hure: Yaya Dabo, sai ni, sai Halilu auta. Ƙauyenmu ba nisa da Dawakin Tofa, kuma duk wanda ya san wajenmu ya san ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona manne da gona, layin gamba kawai ke nuna maka inda taka ta ƙare ta maƙwabcinka ta fara. Babanmu gona ɗaya ya bari, kuma kafin ya cika ya roƙi Yaya Dabo kada a raba ta, don in aka raba, ba wanda rabonsa zai kai shi wata damina. Saboda haka gandu ake yi. Daga asuba zuwa azahar na gandu ne, kowane namiji da fartanyarsa. Bayan azahar ka je ka yi sana'arka, ba mai ce maka don me. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, Yaya Dabo ke fitar da hatsi. Ni ma da mijina ya rasu na dawo gida, a tukunyar nan nake ci, ina ɗan yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ina kaiwa birni.

Halilu kafinta ne, kuma ba don ƙanena ba ne, hannunsa yana da kyau. Tun yana yaro yake ƙera motar kara mai ƙofa mai buɗewa, yara su bi shi a baya suna roƙon ya ba su ja. Da ya tasa aka kai shi Dawaki ya koyi aikin katako, ya dawo ya kafa rumfa a ƙofar gida. Ƙyauren ɗaki, benci, akwatin tufafi, duk shi ne. Aibinsa ɗaya ne, yana son a san shi ya yi. Kowane benci ya gama sai ya kifa shi, ya gasa ƙusa a wuta, ya rubuta sunansa a ƙarƙashi. Na ce masa, "Kai Halilu, wa zai karanta a nan, kaji?" Ya ce wata rana za a ɗaga bencin.

To, sai shekarun nan suka zo, Allah kada ya maimaita mana. Takin zamani ya gagari talaka, sai dai a kai itace birni a kan jaki a dawo da mangalar juji a zuba a gona. Kananzir ya zama abin da ake aunawa da murfin kwalba. Mota sai ta kwana biyu a layin mai. A irin wannan hali wa zai ce a yi masa ƙyaure? In ƙofarka ta karye sai ka ɗaure ta da igiya ka yi addu'a. Zarton Halilu ya yi tsatsa a rataye. Mutumin da ba ya iya zama shiru sai ga shi yana yini a rumfa yana kore ƙuda, kana yi masa magana yana amsa maka da hanci. Matarsa Larai ta same ni tana kuka, ta ce ko abinci sai ta yi da gaske yake ci.

Ana cikin haka Malam Uwaisu ya zo. Malamin firamare ne a nan garinmu, saurayi, siriri, mai yawan karance-karance, kuma shi ma an daɗe ba a ba su albashi ba. A lokacin ne samarin birni suka fara yin fim a kaset, shi ne shi da abokansa suka ce su ma za su yi nasu a hutun damina, a nan ƙauyenmu, labarin wani ɓarawon shanu. Kyamarar ta aro ce, ta wani mai ɗaukar bukukuwa a birni, har da kasusuwansa ya ba su aro. Malam Uwaisu ya ce shi ba zai yi aikin kara-zube ba, yadda ake yi a ko'ina haka zai yi, kuma ba a fim sai da allo.

Ina bakin zaure ina tsince gyaɗa na ji yana bayani. Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke. Baƙin allo ne ɗan madaidaici, wanda za a rubuta lambar fitowa da alli. A samansa akwai katako biyu dogaye masu zanen fari da baƙi, ɗaya a kafe, ɗaya yana ɗaguwa kamar baki. Kafin kowace ɗauka sai a nuna wa kyamara allon, a ɗaga na sama a sake shi ya bugi na ƙasa, sannan 'yan wasa su fara.

"Amma fa ƙarar ita ce aikin, Malam Halilu," in ji shi. "Ba buf nake so ba. Ƙwas nake so, tsaf, sau ɗaya."

Na ga idon ƙanena ya yi haske. Rabon da in ga haka tun kafin tsadar nan. Na ce a raina, alhamdulillahi, ya sami abin yi. Ashe ni ce zan biya.

Allon bai ba shi wahala ba. Ya ɓare bayan wani tsohon akwati, ya goge shi da yashi har ya yi santsi. Fenti kuwa ina aka gan shi? Sai ya bi gari yana tsintar matattun batura, ya fasa su, ya kwashe baƙin ciki, ya dama da ƙaro a cikin ƙwaryar Larai ta fura. Ƙwaryar nan ba ta sake moruwa ba. Tsakar gida ya yi baƙi, kajin Inna suka taka suka bi mana shanya da sawu. Amma allo ya yi kyau, alli yana kama shi ya fito fes.

Bakin ne ya zama masifa. Ya yi da ceɗiya, ya buga, sai ka ji luf, kamar an jefar da tsumma. Ya yi da darbejiya ɗanya, ta yi ƙara kwana biyu ta tsage. Ya haɗa katakan da guntun fata, na sama ya riƙa goce wa na ƙasa, ranar nan ya datse masa babban yatsa har farcen ya yi baƙi ya fita. Ya bi dare ya kwance ƙarfen da ke riƙe murfin akwatin Inna, ita kuma ta wayi gari ta ɗaga murfi ya biyo hannunta gaba ɗaya. Duk wannan, in Malam Uwaisu ya zo ya saurara sai ya karkata kai ya ce, "Saura kaɗan." Saura kaɗan ɗin nan ta kusa haukata Halilu. Mu ma ta kusa haukata mu, don tun daga azahar har magariba ba abin da kake ji a gidanmu sai buf, buf, da tsaki.

Wata rana ina dakan gyaɗa, taɓarya ta goce ta bugi bakin turmi. Ƙwas! Sai na ga Halilu ya leƙo daga zaure yana kallona. Ba ni yake kallo ba ashe, taɓaryar yake kallo. Ta ƙirya ce, baƙa, mai nauyi, da ita aka kai ni ɗakin miji, da ita na dawo, hannuna ya cinye tsakiyarta har ta yi ƙugu. Washegari na tafi suna maƙwabtan gari. Na dawo na tarar da ita gida biyu, an tsaga, an fere, an shafa mata ragowar farin fentin da aka yi wa masallaci.

Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce, "Halilu, ka kashe ni! Da me zan yi daka? Da kanka?"

Bai ko ji ni ba. Ya ɗaga bakin allon ya sake. Ƙwas! Tantabaru suka tashi daga kan ɗaki.

"Yaya, kin ji?" ya ce, yana dariya kamar yaro. "Kin ji kuwa?"

Na ji. Abin haushin ke nan, ƙarar ta yi daɗi. Ya sassaƙa mini wata taɓaryar da iccen mangwaro, marar nauyi, wadda sai na yi daka biyu kafin ta yi aikin ɗaya. Ita nake fama da ita har yanzu.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi, ya miƙa allo ya koma gona. Ina! Ranar da aka fara ɗauka, wani cikin samarin birnin ya karɓi allon ya buga shi da ƙarfi kamar mai fasa goro, Halilu ya fizge abinsa ya ce ba haka ake yi ba. Malam Uwaisu ya ce to Halilu ya riƙe da kansa mana. Ya koya masa yadda zai tsaya: ya miƙe, ya fuskanci kyamara, allo a ƙirji, ya faɗi lambar fitowa da ƙarfi, ya buga, ya kauce. Shi ke nan, ƙanena ya zama ɗan fim.

Matsalar ita ce fim da safe ake ɗauka, kafin rana ta yi zafi ko hadari ya haɗo. Safiya kuwa ta gandu ce. Kuma daidai lokacin maimai ne, ruwa yana sauka, ciyawa tana tashi kamar ana jan ta. An ce mako ɗaya za a yi a gama. Wane mako ɗaya? Yau batir ya ƙare, sai an kai Dawaki an jira wuta. Gobe babu man da zai kawo 'yan wasa daga birni. Jibi saniyar da aka aro ta ƙi tsayawa. Kullum Halilu zai sa rigarsa ta Sallah, ya rungumi allo, ya wuce ta gefen gonarmu, Yaya Dabo yana duƙe shi kaɗai da 'ya'yansa ƙanana.

Gari kuma ya ɗauki magana. Aka ce Halilu ya bar noma yana bin 'yan wasa, yana riƙe musu takalmi. Wani ya ce ba aikin da yake yi, shinkafar da suke dafawa yake bi. Wannan ta fi yi wa Yaya Dabo ciwo fiye da ciyawar. Ranar nan bayan magariba ya sa aka kira Halilu gaban Inna, ni ma ina zaune.

"Halilu," ya ce, "ni ba zan noma wa ƙato ba. Ɓangaren kudu ya zama daji. In an yi kaka zan auna maka rabonka, in dasa gamba, kowa ya ji da tukunyarsa."

Inna ta fara salati. Ta ce, "Dabo, maganar ubanku fa?"

"Inna, ubanmu bai ce ɗaya ya yi noma ɗaya ya yi yawo ba."

"Ba yawo nake yi ba, Yaya!" Halilu ya ce. "Aiki nake yi. Ni ne farkon komai a fim ɗin nan. Ba wanda zai buɗe baki sai na fito na buga. In ya fita, duk Kano za a ga allon nan, a ga wanda ya yi shi, aiki zai zo har ƙofar gidan nan. Ka jira ka gani."

Yaya Dabo ya dube shi. Shi mutum ne mai nauyin baki, amma in ya faɗa ya faɗa. Can ya ce, "To. Albarkacin Inna, na jira. In na gan ka a ciki da idona, na san aiki ka je, magana ta wuce. In ban gan ka ba, kada wanda ya sake roƙona."

Kada ka ce Halilu wawa ne. Ya ga kansa. In an sami wuta, Malam Uwaisu yakan haɗa kyamarar da talabijin ɗin hedimasta su duba abin da suka ɗauka, kuma ga Halilu nan ɓaro-ɓaro a gaban kowace fitowa, da hularsa, da allonsa, da yatsansa marar farce. Ya dawo gida yana ba mu labari, ya ce ya fi ɓarawon shanun yawan fitowa. Ni ma na yarda. Larai ta yarda. Wa zai gaya mana akasin haka? Mu dai mun san in an ɗauki hotonka to an ɗauka. Shi kuma Malam Uwaisu, mai karatun, bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wanda bai san sauran zancen ba.

Aka gama fim, aka yi kaka. Geron ɓangaren kudu ƙuduji ya cinye shi, damman da aka ɗauro ba su kai a kalla ba. Rumbu bai cika ba. Tun kafin zafi ya shigo muka koma tuwo sau ɗaya, da rana sai kunu. Yaya Dabo ya cika alkawari yana jira. Kaset kuwa shiru, wai ana tacewa a birni, wai babu wuta. Sai da bazara ta kawo kai sannan Malam Uwaisu ya zo da shi a cikin leda.

Halilu ya ce a zaurenmu za a fara kallo, don Inna ta gani. Ya aro talabijin, ya aro janareta, ya sayar da zakaran Larai ya sayo mai wurin 'yan bumburutu. Bayan la'asar aka toshe ƙofa da tabarma don a sami duhu. Maza suka cika zaure, mu mata muna ƙofar ciki, na shimfiɗa wa Inna buzu a gaba. Yaya Dabo, wanda bai taɓa zama kallon talabijin ba, ya zauna a kan benci ya harɗe hannu. Halilu yana gefen talabijin a tsaye, da rigar Sallar da ta koɗe, allo a hammata.

Aka kunna. Kiɗa, rubutu, sai ga gonar Mati maƙwabcinmu, sai ga ɓarawo yana sanɗa. Mutane suka ɗau ihu, kowa yana nuna bishiyar da ya gane. Halilu ya ce, "Yanzu, yanzu zan fito." Fitowa ta wuce, wata ta shigo. Babu shi. Ya ce ƙila sun fara daga tsakiya ne. Ga sarki, ga saniya, ga rijiyarmu, ga ma akuyar Inna ta ratsa ta baya, aka yi ta dariya. Akuya ta fito, jama'a, akuya! Ƙanena bai fito ba. Babu allo, babu ƙwas, ko inuwarsa babu.

Inna ba ta gani sosai. Ta riƙa taɓa ni tana cewa, "Furera, shi ne wannan? Ya fito?" Wani daga baya ya ce, "Kafinta, ko kai ne saniyar?" Zaure ya kwashe da dariya. Na ji kamar in tashi in shaƙe shi. Ban ga lokacin da Yaya Dabo ya fita ba, na dai duba na ga gurbinsa. Can a ƙarshe, bayan mutane sun miƙe suna neman takalmansu, wasu ƙananan rubutu suka haura da sauri, Malam Uwaisu ya nuna da yatsa ya ce ga sunan Halilu nan. Kafin Halilu ya waiwayo sunan ya wuce.

A nan Halilu ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ina nake?"

Malam Uwaisu ya dube shi da mamaki. "Ai allo yankewa ake yi, Malam Halilu. Don mai tacewa ake nuna shi, ya san wace fitowa ce. Ba ya zama a cikin fim. Ko'ina haka ne. Na zaci ka sani."

Na zaci ka sani! Na yaye labule na fito, ban damu da mazan da ke wurin ba. Na ce, "A gidan wa zai sani? Uwarsa ce ta yi fim ko ubansa? Damina guda kana kallon mutum yana sa rigar Sallah yana zuwa, ba ka tambayi kanka don me yake sa ta ba?" Ya yi ta ba ni haƙuri, yana cewa, "Baba Furera, wallahi ban san akwai magana a kai ba." Kuma na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ƙara jin haushi, don ban sami wanda zan tsine wa ba.

Sai na gaya masa sharaɗin da Yaya Dabo ya sa. Ya ce akwai kasusuwan asali, waɗanda ba a yanke komai ba, suna wurin mai kyamara. In aka kawo ko ɗaya Yaya Dabo ya gani, ai shi ke nan. Washegari na ɗauki galan ɗin man gyaɗata na ce da ni za a je. Ni da Halilu da Malam Uwaisu muka tsaya a bakin titi har rana ta take kafin mu sami motar da ke da mai, aka cusa mu kamar buhuna.

Shagon mai kyamarar ɗan ƙarami ne, kasusuwa jibge har rufi. Mutumin ya saurare mu, ya sosa ƙeya. Ya ce kaset ya yi tsada, ba ya ajiye abin da aka gama da shi. Duk ya ɗauki bukukuwa a kansu, yawanci ma masu su sun karɓa. Ya ƙara da cewa shi bai ma ga amfanin allon ba, da kai yake gane fitowa. Na ce masa ya riƙe wannan a cikinsa, ba ita muka zo ji ba. Ya lalubo guda ɗaya da ya rage, na bikin wasu mutanen Rijiyar Zaki, ya ce mu duba ƙarshensa ko wani abu ya tsira.

Muka zauna muna kallon matan da ba mu sani ba suna rawa, suna liƙi, suna cin shinkafa da kaji. Ya tura gaba, ya tura gaba. Biki ya ƙare, hoto ya yi yayyafi, sai ga shi. Halilu, a gaban rijiyarmu, ya miƙe tsaf, allo a ƙirji. Ya buɗe baki zai faɗi lamba, ya ɗaga taɓaryata sama. Kaset ya ƙare a nan. Ko bugawar bai samu ba.

"Ga ni!" Halilu ya ce, ya miƙe tsaye. "Yaya, ga ni!"

Na ce, "Na gani." Hawaye suka zubo mini, na haushi ne ko na mene ne, oho.

Ya roƙi a ba shi aron kaset ɗin kwana ɗaya tak. Mai shago ya ce ango yana hanya, tun jiya yake masa sintiri. Ya ce a juye masa a wani, aka ce babu kaset ɗin da ba komai a kai, kuma muna cikin maganar aka ɗauke wuta. Muna zaune a wurin angon ya zo da babur, ya sa kaset a aljihun babbar riga, ya yi mana sallama da fara'a, ya tafi da ƙanena.

Da muka dawo ban ko ajiye galan ba na wuce gona. An yi ruwan fari daren jiya, ƙasa ta jiƙa. Na tarar da Yaya Dabo ya ja igiya daga gindin ɗorawar gonarmu zuwa hanya, yana bin ta yana dasa saiwar gamba.

Na ce, "Yaya, tsaya! Na gan shi. Wallahi tallahi na gan shi da idona."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Idona na ce, Furera, ba naki ba."

"Haba Yaya! Ƙarya zan yi maka?"

Sai ya miƙe, ya dafe ƙugu, na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Na san ba ƙarya kike yi ba. To ko na gan shi, hoton zan zuba a rumbu? 'Ya'yana kunu suke kwana da shi." Ya sake duƙawa ya ci gaba da dashe. Na tsaya ina ta faɗa, na kira sunan Baba, na kira na Inna, har muryata ta dushe. Gambar nan sai da ta kai hanya.

A makon nan aka ja danga a tsakar gida, aka kafa murhu na biyu. Inna takan karɓi kwano daga nan, ta karɓa daga can, ta ɗan taɓa kowanne don kada wani ya ji haushi, amma tun daga ranar ba ta sake cin abinci ta ƙoshi ba. Ɓangaren kudu aka ba Halilu, wanda ya bari ya zama daji, siririn fili da za ka tsaya a wannan gefe ka yi magana da na wancan ba tare da ɗaga murya ba. Ba wanda ya zo daga Kano neman kafinta. An yi wa Malam Uwaisu canjin makaranta, ya zo sallama, Halilu ya raka shi har bakin titi, ni kuwa ko amsa gaisuwarsa ban yi ba.

Na zaci zai ƙone allon, har na ce ya ba ni in hura wuta da shi in huce. Ya ƙi. Ya rataye shi a rumfa, lambar fitowar ƙarshe tana jiki bai goge ba. Ya kama noma kamar zai kashe kansa, ba ya magana da kowa, ba ya zama majalisa, don har yanzu in ya wuce sai wani ya ce, "Ɗan fim, yaushe za ka fito?"

Da gero ya yi kai, tsuntsaye suka sauko. Wata safiya ina tafiya rijiya sai na ji ta daga kudu. Ƙwas! Na ajiye tulu na bi ta cikin karan dawa na leƙa. Ga Halilu a bakin gambar nan, da tsohuwar rigar noma. Ya miƙe tsaf, allo a ƙirji, ya fuskanci gaba yadda aka koya masa, ya ɗaga, ya sake. Tsuntsaye suka tashi baƙi ƙirin, na gonarsa da na gonar Yaya Dabo gaba ɗaya, don ƙarar tana kaiwa har gindin ɗorawa.

Yaya Dabo yana ɗaya gefen gambar, ya dogara da fartanya, yana kallonsa. Haka ake yi duk kaka tun daga shekarar, ɗaya yana bugawa, ɗaya yana tsaye. Yanzu kam yana ganinsa da idonsa kowace safiya, amma gambar ta riga ta yi saiwa, har ana yankan ta ana yin zana.